Tambaya da Amsa: An tura maigidana dajin Termit, in bi shi ko in zauna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamar firamare ce ƴar kwantaragi a nan cikin Damagaram, shekarata 27, aurenmu shekara biyar. Maigidana jami'in gandun daji ne. Tun da ya gama karatu a Kollo a cikin gari yake aiki, wajen renon itatuwa da rabon dashe. Watan jiya takarda ta fito, an tura shi gandun namun daji na Termit da Tin-Tumma. Shi murna yake yi, ya ce aikin da ya karanta ke nan, sai yanzu ya samu. Yana so mu tattara mu tafi tare, ya ce a Tasker, wani gari a arewacin Gure, za mu zauna.

Ni kuwa ina da ciki wata biyar, a watan Maris ake sa ran haihuwa. Ga ɗiyarmu ƴar shekara uku, wadda da tiyata aka ciro ta. Mahaifiyata ta ce ko da wasa ba zan je ba. Uwar mijina ta ce mace ba ta da wurin zama sai inda mijinta yake, in na ƙi kada in yi kuka ranar da ya yi sabuwa a can. Ban taɓa wuce Gure ba, ba na jin Tubanci. In na tafi, aikina fa, wanda na sha wuya kafin in samu? In na zauna, aurena fa? Gidan ya yi tsit, kwanan nan ko hirar dare ba ma yi. Ki ba ni shawara kamar ɗiyar cikinki, kuma don Allah a sakaya sunana.

Daga unguwar Zango, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Zan fara da abin da babu ja-in-ja a cikinsa, don aikin ungozoma na yi har na yi ritaya, kuma wani yanki na aikin a ƙauyukan arewacin Gure da na Tanut na yi shi. Macen da aka taɓa yi wa tiyata, haihuwarta ta gaba ba a yin ta sai inda akwai ɗakin tiyata, da likitan da zai yi, da jinin da za a ƙara mata in ta kama. Dalili shi ne ɗinkin da ke jikin mahaifa. Idan naƙuda ta yi tsawo yana iya buɗewa, in kuwa ya buɗe to mintoci ake ƙirgawa. Ba tsorata ki nake yi ba. Mata da yawa suna haihuwa da kansu lafiya lau bayan tiyata, amma a kusa da ɗakin tiyatar ake barinsu su gwada. Daga Damagaram zuwa Gure sama da kilomita 160 ne a kan kwalta. Daga Gure kuma sai a saki kwalta a miƙe arewa cikin rairayi, tafiyar da ba wanda zai yanke miki awanninta, sai yadda mota da yashi suka yarda. Na taɓa raka mai naƙuda a bayan mota a irin wannan hanya, ba na yi wa ɗiyar kowa fatan haka. Saboda haka a nan za ki ci gaba da awo, a nan za ki haihu, a cibiyar lafiyar uwa da yaro ko a babbar likita. Ki nuna wa maigidanki wannan shafin, in bai gamsu ba ku je awo tare ya ji daga bakin ungozomarki.

Yanzu mu ƙirga watanni. In kin haihu a Maris, za ki yi arba'in a tsakiyar bazara, lokacin da mu kanmu a Damagaram muke kwana a tsakar gida don zafi. Ba lokacin shiga hamada da jinjiri ba ne. Ga allurar rigakafi: ta ranar haihuwa, da ta mako 6, da ta mako 10, da ta mako 14. Ki gama waɗannan a nan. Shekarar makaranta kuma sai wajen Yuni take ƙarewa, a koma a Oktoba. Kin ga ashe lokaci da kansa ya yanke muku rabin rigimar. Babu maganar tashi kafin babban hutu, kuma ba laifinki ba ne, ba kuma laifinsa ba.

Sai dai kada mahaifiyarki ta ji wannan ta ce Inna ta goyi bayanta. Rabin hanya kawai na bi ta. Ra'ayina shi ne bayan haihuwa da hutu ki matsa kusa da mijinki, kuma ki matsa da aikinki a hannu. Ga dalilaina.

Mu mutanen birni, duk abin da ya wuce Gure ko Tanut muna yi masa kuɗin goro, ba mu san ko me ke can ba. Wurin da aka tura mijinki gwamnati ta kafa shi a watan Maris na 2012, kuma a lokacin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 97,000, ya fi ƙasar Togo girma nesa ba kusa ba. Ya taɓa jihohi uku, Damagaram da Difa da Agadas. A tsakiya akwai baƙaƙen duwatsun Termit, a gabas kuma tudun rairayin Tin-Tumma. Ruwan sama a can yawanci ba ya kai milimita 100 a shekara, alhali mu da ke kukan ƙarancin ruwa muna samun wajen 400. Amma cikin wannan ƙeƙashewar akwai halittun da kusan babu su a ko'ina a duniya in ba can ba. Akwai mena, wata irin barewa, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ari sunanta, yaranmu suna ihun sunanta a gaban talabijin ba su taɓa ganin ta ba. Akwai barewa, da ragon dutse, da tuje. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙaho da ake kira adakis, wadda takan daɗe ƙwarai ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ciyawar da take ci ya ishe ta. Farauta da mota da bindiga ta yi mata mummunar ɓarna, musamman bayan rushewar Libiya a 2011 da yawaitar zirga-zirga wajen rijiyoyin man Agadem. A ƙidayar da aka yi a 2016, guda uku kacal masu binciken suka gani. Uku, ɗiyata. Wannan ne mijinki zai je tsaro. Idan ya ce miki sai yanzu ya sami aikin da ya karanta, gaskiya ya faɗa.

To ina tambayarki, kin yi masa barka kuwa? Na karanta wasiƙarki ban ga alamar haka ba. Mutum ya dawo gida da takarda a hannu yana murna, abin da ya fara gani shi ne hawayenki, sai faɗan uwaye. Shirun da kike ji a gidan daga nan ya samo asali. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki ce masa kin yi murna da ya samu abin da yake so, ki tambaye shi me aikin ya ƙunsa, ki saurara har ya gama. Wannan ba ya nufin kin yarda da tafiya gobe. Amma sai ya tabbata ba gaba kike yi da aikinsa ba kafin ya iya jin tsoron da ke ranki.

Idan ya yi miki bayanin aikin, za ki gane wani abin da ku duka ba ku lura da shi ba. Aikin gandun namun daji ba na ofis ba ne da za a tafi da safe a dawo cin tuwon rana. Sintiri ne. Su cika mota da ruwa da mai da abinci, su shiga daji kwanaki, wani lokaci makonni, suna bin sawun dabbobi, suna zagaya rijiyoyi, suna zama da makiyaya, suna tare mafarauta. A can ciki babu rezo, wato layin wayar salula, sai wayar tauraron ɗan Adam ta aiki, wadda ba ta hirar iyali ba ce. Ke nan ko kin koma Tasker, darare da yawa ke da yara za ku kwana ku kaɗai. Abin da za ku yanke shi ne wane gari ne zai riƙa saukowa in ya fito daga sintiri, kuma wane gari ne za ki iya zama a cikinsa lafiya ranar da ba ya nan.

Wannan kuwa ba a yanke shi daga Zango. Ya tafi ya kama aiki shi kaɗai, kamar yadda dole zai yi. Cikin watannin nan ya dubo miki da idonsa: matan abokan aikinsa ina suke zaune, a Tasker ɗin, ko a Gure, ko a nan Damagaram, kuma me ya sa? Kwana nawa ake yi a daji, nawa a gari? Gidan da za ku zauna na aiki ne ko haya, yana da katanga da makewayi? Ruwan sha na famfo ne ko na rijiya, nawa ake sayar da jarka? Likitar garin wa ke cikinta, akwai ungozoma, akwai firjin rigakafi, in ciwo ya fi ƙarfinsu da wace mota ake fita da mutum? Wace rana motocin kasuwa ke zuwa Gure? Ya kuma tambayi na gaba da shi halin tsaron hanya, don yankin mashigar ƴan fasa-ƙwauri ce, kuma aikin nasu na masu kaki ne da bindiga. In ya samo miki lambar matar wani abokin aikinsa da ta zauna can, ki kira ta, mace ta fi faɗa wa mace gaskiyar gida. In kuma kina da wa ko ƙane mai hankali, ya bi shi ya kwana biyu ya dawo. Bakin ɗan'uwanki zai fi kwantar wa mahaifiyarki hankali fiye da rantsuwar suruki.

Kada ku manta da Gure. A wasiƙarki kamar zaɓi biyu kawai kike gani, Damagaram ko Tasker. Gure tana kan kwalta, akwai likitar gunduma, akwai makarantu, akwai kasuwa, ana jin Hausa ko da yake Manga sun fi yawa, kuma mota ɗaya ce tsakaninki da uwarki. Duk wanda zai shiga Termit daga wannan ɓangaren ta nan yake bi. Idan abin da ya gano a Tasker bai dace da mai jinjiri ba, ku fara da Gure shekara guda, yaro ya yi ƙwari, ya sami allurar ƙyanda ta wata tara, sannan a sake duba. Idan kuwa ya tarar da matan abokan aikinsa suna zaune a Tasker da ƴaƴansu lafiya, to ke ma ba ki fi su ba, kuma ba ki kasa su ba.

Aikinki kuma, ki ji ni da kyau: kada ki ajiye shi, kada kuma ki sulale ki bar aji ba takarda. Ki rubuta neman canjin wurin aiki, ki bi da shi ta hannun daraktanku da sufeto, ki haɗa da takardar da aka tura mijinki da takardar aurenku. In auren a masallaci kawai aka ɗaura ba ku yanki takarda ba, kamar yawancinmu, ki fara bin wannan tun yanzu da cikin bai yi nauyi ba, don abu ne mai cin lokaci. A iya sanina, malamin da ya nemi a kai shi karkarar makiyaya ba ya shan wahalar samu, don can ake neman malamai ido rufe. Dawowa birni ita ce mai wuya, kuma wannan ki sa shi a lissafi tun yanzu, kada a ce ban faɗa miki ba. Duk da haka na fi so ki tafi da aikin. Macen da ta bi miji wani gari ba ta da abin yi, ba ta da ko dala tata, ba ta jin harshen maƙwabta, shi kuma yana daji, ita ce wadda kaɗaici ke ci har ta tsani wurin, daga baya ta tsani wanda ya kawo ta. Malama kuwa daga ranar farko tana da suna a gari. Ƴaƴan mutane suna hannunta, uwayensu za su zo gaishe ta. Tubancin da kike tsoro a bakin ƴan ajinki za ki koye shi, ki fara da gaisuwa da ƙirga da sunayen abinci.

Ku yi maganar kuɗi a fili kafin ya tafi. Gida biyu za ku riƙe na wasu watanni, tukunya biyu, ga kuɗin mota. Ku yanke abin da zai riƙa barin miki kowane wata da hanyar da zai iso hannunki in yana daji, don haihuwa ba ta jiran mutum ya sami rezo. Ki ware na haihuwa daban ki ɓoye, ko da ana cewa tiyata kyauta ce, akwai ƙananan abubuwa da ke tasowa.

Akwai wani abu da ba wanda zai gaya miki, kuma a ganina ya fi zafin rana da ƙarancin ruwa wuyar sha'ani. Matar jami'in gandun daji a ƙaramin gari ba kamar sauran baƙi take ba. Mijinki shi ne mai karɓe bindigar mafarauci, mai hana saran ɗanyen icce, mai rubuta tara. Wanda ya kama jiya, wataƙila kawun ɗalibinki ne, ko mijin matar da kike sayen nono a wurinta. Mutane za su yi miki alheri, mafi yawansu da zuciya ɗaya, don mutanen daji sun fi mu girmama baƙo. Amma wata rana za a aiko yaro da ƙwarya a rufe, ki buɗe ki ga nama wanda ba na akuya ba ne. Ko a kawo wa ɗiyarki ɗan barewa ta yi wasa da shi, kin san yadda ake ajiye su a gidajen manya har nan cikin birni. Ranar da kika karɓa, kin ɗaure hannun mijinki, gari duka zai sani kafin magariba, kuma ba zai ƙara iya kallon idon mafarauci ba. Ki mayar cikin mutunci, da godiya, ki ce maigida ya hana ki karɓar irin wannan, ki haɗa da ɗan sukari ko ganyen shayi don kada mai aiken ya ji kunya. Nono da dabino da cuku ki karɓa ki rama da abin da kike da shi. Haka kuma duk wadda ta zo roƙon ki sa baki a saki wani ko a mayar da wani kaya, ki ba ta ruwa ta sha, ki ce ba kya shiga aikinsa, kuma ki tabbata da gaske ba kya shiga. Ranar fitarsu sintiri da inda suka nufa, ko a hira da ƙawa kada ya fito daga bakinki. Wannan maganar rai ce.

Ko girkinki sai kin kula. Ba zai yiwu mijinki yana hana mutane saran icce ba, a ga ɗanyen icce jibge a ƙofar gidansa. Ku tafi da tukunyar gas biyu, in ɗaya ta ƙare a aika da ita Gure ana amfani da ɗayar. Kayan miya kuwa tun kaka ki tanada a kasuwar Dole: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, tattasai, busasshen tumatir, yakuwa, zogale, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗanyen ganye zai yi miki wuyar gani. Ki sayi faifan sola da batir don fitila da cajin waya. Ruwan da yara za su sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. Ki tafi da bargo masu kauri, sanyin hunturun hamada da dare ya fi namu cizo. Sai kunama, wadda ba na wasa da maganarta. Yara su kwana a kan gado cikin gidan sauro a soke gefensa, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa. In ta harbi ƙaramin yaro, likita kai tsaye, ba a tsayawa tofi ko shafe-shafe, don kunamar arewa tana kashe yara.

Matan da za ki tarar can kuma, ki je musu da girmamawa. Matan Tubawa ne da kansu ke jan ayarin raƙuma su ratsa hamada zuwa Bilma ɗebo dabino, da yaransu, ba tare da maza sun ja musu gaba ba. Mace mai irin wannan ƙarfin hali ba ta buƙatar ƴar birni ta zo ta waye mata kai. In kin sauke kai za ki koyi abubuwa da yawa a wurinsu, kuma su ne za su tsaya miki ranar da yaro ya yi zazzaɓi cikin dare mijinki yana daji.

Maganar sabuwa da surukarki ta yi, ba zan ce miki ƙarya ce ba. Na ga ma'aikata da yawa da aka tura nesa suka yi aure a can. Amma na ga waɗanda suka yi da matansu a gefensu, na kuma ga waɗanda suka shekara da shekaru su kaɗai ba su yi ba. Kada tsoron kishiya ya ɗora ki a mota da ciki wata biyar. Abin da na fi ji miki tsoro ya fi kishiya zuwa a hankali: miji a can, mata a nan, shekara uku, huɗu, kowa ya saba da rashin ɗan'uwansa, yara su riƙa ɓuya in ubansu ya shigo, ya zama baƙon da ake yi wa shimfiɗa ranar salla. Magabata sun san haɗarin wannan. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi nesa da iyalansu, a wata ruwaya huɗu, a wata shida. Saboda haka ko cikin watannin nan da za ki zauna a Damagaram, ku yanke lokacin zuwansa gida, ya nemi izini tun da wuri don ya kasance nan makon haihuwa da suna.

Uwaye biyun kuwa, ki daina kai maganar wannan wurin waccan. Ku biyu ku daidaita tukuna, sannan shi ya je wa mahaifiyarsa, ke ki je wa taki, da magana ɗaya: za a haihu a gida, za a yi wankan jego a gida, a hutun makaranta za a tashi. Kowace ta sami rabonta a ciki. In mahaifiyarki ta kafe, ki sa kawunki ko wani dattijon da take jin nauyinsa ya yi mata magana. Ki kuma nemi a ba ki ƴar yarinya cikin dangi wadda ta isa makaranta ta bi ki, ta taya ki riƙon jinjiri, ta yi karatu a inda kike koyarwa. Ku yi istihara ku biyun. Allah ya sauke ki lafiya, ki rubuto mini bayan suna in ji abin da ya gano.

TAMBAYA

Salamu alaikum Inna. Ni tela ne, shagona yana kusa da kasuwar Dole, ina da yara uku da nake koya wa ɗinki. Matata ta gama jami'ar André Salifou, ta karanta fannin halittu da muhalli. Ta daɗe tana zaune ba aiki, yanzu ta samu na shekara biyu a gandun Gadabeji, wajen raƙuman dawa. Ba mu da haihuwa tukuna. Ni na yarda ta je, har ina tunanin in bi ta, amma abokaina a majalisa suna cewa namiji ba ya bin mace, na zama mijin-ta-ce. Mahaifina bai ce komai ba. Yaya kika gani?

Wani ɗanki daga Sabon Gari, Damagaram

AMSA

Wa alaikas salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka bar ta ta yi karatu, ka kuma bar ta ta ci moriyarsa. Ƴan majalisa ba su ne suka biya sadakinta ba, kuma ranar da gidanka ya lalace ba za su fasa shan shayinsu ba. Wanda ya kamata ka nemi bakinsa shi ne mahaifinka. Shirun dattijo ba kullum yarda ba ne. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa tsarinka, ka nemi albarkarsa.

Gadabeji ba ta kai Termit nisa da wuya ba. Arewa da Dakoro take a jihar Maraɗi, ƙasar kiwo ce ta Fulani da Buzaye, kuma ana jin Hausa sosai. Gandun tsoho ne, tun 1955, faɗinsa hekta dubu 76, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 2017. Raƙuman dawan da matarka za ta yi aiki a kansu sun ɓace daga yankin shekaru da dama, sai a ƙarshen 2018 aka ɗauko takwas a manyan motoci daga wajen Kure, kusa da Yamai, aka sake su a can don kada irin ya tsaya a wuri ɗaya. Aiki ne mai daraja, ka faɗa wa abokanka haka ba tare da sunkuyar da kai ba.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne shagon. Aikinta na shekara biyu ne, shagonka na rayuwa ne, kuma masu kawo maka ɗinki in suka saba da wani telan ba sa dawowa da sauƙi. Kada ka rufe. Ka duba cikin yaranka wanda hannunsa ya faɗa, ka damƙa masa da sharaɗi a gaban shaida, har da kuɗin haya da na wuta. Ka raka matarka, ka ga masaukinta da mutanen da za ta yi aiki da su, ka gabatar da kanka wurin maigari da liman don a san tana da mai ita. Daga nan ka raba shekararka. Azumi da watan da ke gaban babbar salla a Damagaram za su same ka, don a nan cinikin shekara yake. Sauran watannin ka zauna tare da ita ka yi ɗinki a can. Ka tambayi ranakun kasuwannin Dakoro da Bermo da na ƙauyukan kewaye, makiyaya suna sayen yadi in sun sayar da dabba, kuma telan da ya iya aikin birni ba ya rasa ciniki a irin wuraren nan. Ka tafi da keken ƙafa, ka bar na lantarki a shago, ka kuma ɗauki allurai da zare da man keke da za su kai ka wata uku.